Taron suna ya zo mana da cikas, ga biki na tafe: ina neman shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Ƙarshen makon nan muka yi sunan ɗan yayana, aka haɗa da zumunci, 'yan'uwa na Kano suka sauka tun Juma'a da yamma. An raɗa suna lafiya ranar Asabar, har gwaggonnina biyu da suka daɗe ba sa ga maciji suka shirya, alhamdu lillahi. Sai dai shinkafa ta ƙare kafin dangin mai jego su iso, miyar taushen da aka yi tun daren Juma'a ta yi tsami, janareta ya mutu bayan Magariba, ranar Lahadi kuma yara uku suka tashi da gudawa. Surukai sun tafi rai a ɓace. Bayan kaka za mu aurar da ƙanwata, ni aka ɗora wa hidimar. Me zan gyara?

Amsar wata mai girkin taro:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya. Fara da ƙirga baki. Kwano ɗaya na shinkafa yakan ishi manya kamar 15 idan dafa-duka ce. Mutum 150 kwano 10 ke nan, ki ƙara biyu saboda almajirai da maƙwabtan da ba a lissafa ba. Kada a ɗora duka lokaci ɗaya. A dafa kashi biyu cikin uku da hantsi, sauran a tsince a ajiye, ruwa na kan wuta, sai bayan Azahar a zuba. Da an sauke tukunyar farko, kafin a ba kowa, a cika kuloli da rabon surukai a kai ɗakin uwargida a ja ƙofa. Kuma mace ɗaya ce za ta riƙe rabo, wadda ake jin nauyinta. In ludayi ya shiga hannu biyar, kowa nasa zai fara zuba wa.

Ita kuwa taushe, kabewa da gyaɗa da alayyafo ba sa son kwana. Babbar tukunya in aka rufe ta da zafinta, tsakiyarta takan daɗe da ɗumi har asuba, a wannan ɗumin take juyawa, balle ana ta tsoma ludayin da aka ɗanɗana da shi. Abin da ake yi da dare shi ne suyar nama, sai markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu a dafa shi har ruwansa ya tsotse, a soye shi da mai. Kabewa, gyaɗa da ganye sai da safe. Miyar da ta fara kumfa ko ta canza wari a zubar, tafasa ba ta gyara ta.

Amsar wata ma'aikaciyar lafiya:
Yaran nan su ne a gaba, 'yar'uwa. A samo ORS, garin gishiri da sukari na masu gudawa, a narka ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, ana ba su kaɗan-kaɗan bayan kowace fita. In babu, sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta ruwan, a shafe ba a tula ba. Wanda ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. A haɗa musu da ƙwayar maganin zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 ga wanda ya wuce wata shida. Kada a hana su nono ko abinci. Idan ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko an ga jini a bayan gida, a tafi asibiti ba jira. Ranar biki, ruwan zoɓo da kunun zaƙi a tafasa shi tukuna. Kunun aya ba ya jure zafi, in babu ƙanƙara a haƙura da shi. Wankin hannu da buta da sabulu, a daina kwano ɗaya kowa na tsomawa.

Amsar wani mai gyaran janareta:
Hajiya, in ƙaramin nan ne mai haɗin mai, abin da yake ɗauka bai wuce wat 650 ba, dutsen guga kaɗai ya fi ƙarfinsa. Ƙwan lantarki, fanka da cajin waya, shi ke nan. Baƙin mai ƙaramin cokali huɗu a litar fetur: in ya yi yawa fulogi ya toshe, in ya yi kaɗan fistin ya kama. A ajiye fulogi na biyu. A tsakar gida ake kunna shi, ban da zaure ko kusa da tagar masu barci, hayaƙinsa na kisa.

Amsar wani dattijo:
'Yata, maganar surukai kada ta wuce makon nan. Ba ta waya ba ce. A tashi kawunku da gwaggo ɗaya su je da goro su ba da haƙuri, ba tare da dogon bayanin wanda ya yi laifi ba. A biki kuma a tambaye su lokacin isowarsu da yawansu tun ana saura mako. Hatsi da shinkafa ku saya a kasuwar Gujungu ranar Lahadin da ta gabaci bikin, dabba kuwa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta kwana a gida ta huta kafin yanka.