Neman shawara kan hanyar keke daga Marrakesh zuwa Warzazat

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar tseren keke. Ina shirin hawa keke daga Marrakesh zuwa Warzazat a ƙasar Maroko cikin watan Afrilu, amma zaɓen hanyar gangara ya gagare ni.

Babbar hanyar N9, mai tsawon kusan kilomita 200, tana ratsa tsaunukan Atlas ta mashigar Tizi n'Tishka, wadda tsayinta ya haura mita 2,200, sannan ta sauka cikin busasshiyar ƙasa mai jan dutse. Kwaltarta tana da kyau, sai dai manyan motoci da bas-bas na masu yawon buɗe ido suna yawan binta, ni kuwa ba na son su riƙa matse ni a kan kwana alhali ina gudun gangara.

Jim kaɗan bayan mashigar akwai wata hanya da ta ratse hagu zuwa Telwet, ta bi kwarin Unila har Ait Ben Haddu, tsohon garin ginin ƙasa da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A ganina ita ta fi kyawun kallo, amma ƙunci gare ta, kuma girgizar ƙasar Satumbar 2023 ta shafi yankin.

Tayoyina sirara ne, milimita 25 kawai. Don Allah, wanda ya bi ta Telwet kwanan nan ya sanar da ni: za su jure mata, ko sai na sauya masu kauri? Kuma a waɗanne ƙauyuka ake samun ruwan sha da wurin kwana?