Takunkumi ya taɓa sauke soja daga mulki kuwa, ko talaka kawai yake ci?

Ɗan Farin Gada:

Salam jama'a. Gardama ce ta kaure mana jiya a rumfa bayan la'asar har aka kusa ɓatawa, shi ne na ce bari in kawo ta nan ko akwai masu ilimin abin. Ni sana'ata kayan gwari, albasa da dankali a Farin Gada, kuma maiɗakina 'yar Maraɗi ce, kun ga abin da ya faru a 2023 ba labari aka ba ni ba. Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Bazoum ran 26 ga Yuli, cikin sati ɗaya ECOWAS ta rufe boda, aka daskarar da kuɗin Nijar a babban banki, Najeriya kuma ta yanke musu wuta alhali kusan kashi 70 na wutarsu daga nan take zuwa. Surukata tana da ciwon suga, allurarta sai a firij, kullum ƙanin matata yana yawon neman mai janareto da zai ajiye musu ita, ga kuɗi ka je banki a ce ba za ka cire fiye da kaza ba, mu kuma nan ba hanyar aika komai sai ta hannun direbobi masu bin daji.

Aka yi wata bakwai a haka, ran 24 ga Fabrairun 2024 aka ce an cire takunkumi. Bazoum yana tsare lokacin da aka sa, yana tsare lokacin da aka cire, Janar Tchiani da ya ƙwace mulkin yana kan kujerarsa, ƙarshe ma Nijar da Mali da Burkina suka fice daga ƙungiyar gaba ɗaya. To don Allah wa aka hukunta? Akwai inda wannan abu ya taɓa aiki a duniya, ko dai al'ada ce kawai ta manya idan ransu ya ɓaci?

Malam na Rikkos:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya. Tambayarka ta daɗe ana yin ta, kuma amsar da tarihi ya fi bayarwa ba mai daɗi ba ce.

Lissafin masu sa takunkumi shi ne a matse jama'a har su gaji su tashi su ture shugaban. Matsalar ita ce mai jin yunwa ba ya zanga-zanga, layin abinci yake bi, kuma wa ke raba abincin? Gwamnatin da ake son a ture ɗin. Haka aka yi a Iraƙi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba musu takunkumi a watan Agustan 1990 bayan Saddam ya mamaye Kuwait, aka kai 2003 ana abu ɗaya, shekara 13. Kuɗinsu ya zama takarda, likitoci da malaman jami'a suka koma sayar da littattafansu da kujerun falo, famfo ya lalace ba kayan gyara saboda abubuwa da yawa, har da sinadarin tace ruwa, sai an tantance wai kar a yi makami da su. Saddam kuwa da katin rabon abinci ya ƙara riƙe wuyan mutane. Mutumin da Majalisar ta tura ya kula da shirin sayar da man fetur a sayo abinci, Denis Halliday, ajiye aikin ya yi a 1998, wanda ya gaje shi ma Hans von Sponeck ya ajiye a 2000, duk kan ba za su iya ci gaba da kallon abin ba. A 1996 aka tambayi Madeleine Albright, jakadiyar Amurka a Majalisar a lokacin, a talabijin kan yara rabin miliyan da aka ce sun mutu, ta ce a ganinsu kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daga baya bincike ya nuna an zuzuta wancan adadin, amma amsar da ta bayar fa a kan adadin ta bayar da ita. Kuma ƙarshe ba takunkumi ne ya sauke Saddam ba, yaƙi ne.

Kuba tun 1962 Amurka ta sa mata, Fidel Castro ya tsufa ya miƙa wa ƙaninsa ya mutu a gadonsa a 2016. Mu nan gida an dakatar da mu daga Commonwealth a 1995 bayan rataye su Ken Saro-Wiwa, Abacha bai motsa ba sai da ajali ya zo a 1998.

Inda ake kafa hujja da shi kullum Afirka ta Kudu ne, kuma gaskiya can ya taimaka. Amma duba bambancin, can baƙaƙen fata da kansu, su ANC da Desmond Tutu, su suka roƙi duniya ta sa, kuma waɗanda abin ya taɓa aljihunsu su ne turawa masu kamfanoni masu jefa ƙuri'a, waɗanda gwamnati ke jin maganarsu. A Nijar wa ya tambayi mai sayar da ƙanƙara a Damagaram?

Baban Ummi Gangare:

Malam na ji bayaninka amma ni fa ban yarda a wanke sojoji tas a ɗora wa ECOWAS komai ba. Mali 2020 da 2021, Gini 2021, Burkina sau biyu a 2022, sai ga Nijar. A zauna a naɗe hannu har abin ya iso ina? Kuma ku tuna abin da ke kan tebur a lokacin ba takunkumi ko shiru ba ne, takunkumi ko yaƙi ne, ran 10 ga Agustan 2023 a Abuja ECOWAS ta ba da umarnin a shirya dakarun ko-ta-kwana. Ba don majalisar dattawa ta ƙi ba, ga su Abdulsalami da Sarkin Musulmi da Sanusi da malamai suna ta zirga-zirga zuwa Yamai, da yanzu wani zancen ake. A Gambiya a 2017 da Jammeh ya ga sojoji a bakin boda ai jirgi ya hau.

Sannan Alhaji kar mu haɗa komai mu jibga wa boda. Tsadar da muka sha a ƙarshen 2023 akwai cire tallafin mai na 29 ga Mayu, akwai sakin naira a watan Yuni, kuɗin mota daga Sakkwato zuwa Jos kaɗai ya isa ya ɗaga buhun albasa ko boda na buɗe. Ni inda na yarda an yi kuskure wutar nan ce. Da an tsaya kan janar-janar ɗin, a hana su biza a riƙe asusunsu da na iyalansu, ba wanda zai ce uffan.

Maman Hanif:

Baban Ummi ka yi haƙuri, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk lokacin da na ji an ce “ai ba a hana magani ba” sai raina ya ɓaci. A takarda ne ba a hana ba. Magani ba ya tashi sama da kansa, sai banki ya yarda ya tura kuɗi, sai jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, sai mota ta tsallaka gadar Malanville zuwa Gaya, kuma gadar nan a toshe take a lokacin, manyan motoci sun yi layi har da na kayan agaji. Haka Iran take fama, an ce magani halal ne amma bankuna na tsoron tarar Amurka sai su ƙi taɓa cinikin gaba ɗaya. Ga rigakafin yara, in sanyi ya yanke masa na wasu awoyi wani sai dai a zubar. Ga jinin da ake ajiyewa don mai haihuwa. Wanda ya mutu a irin wannan ba a rubuta takunkumi a takardarsa, zazzaɓi ake rubutawa ko zubar jini, shi ya sa ba ya shiga lissafin kowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Janar Gowon ɗan jiharmu, wanda da shi aka kafa ECOWAS ɗin a 1975, shi ya rubuta wasiƙa a Fabrairun 2024 yana roƙon a cire. Mutumin da a zamaninsa aka killace Biyafara daga 1967 zuwa 1970, hotunan yara masu kwashoko suka zagaya duniya. In akwai wanda ya san abin da rufe hanya ke yi wa yaro a ƙasar nan ai shi ne.

Kuma tunda an taɓo yaƙi, ku duba kasafin 2025 da Tinubu ya kai majalisa, tsaro tiriliyan 4.91, lafiya tiriliyan 2.48. A Abujan nan aka sa hannu a 2001 cewa lafiya za ta samu kashi 15 na kasafi, ba mu taɓa kaiwa ba. Ban ce kar a sayi makami ba, muna Filato mun san me ake ciki, amma dala biliyan 2.1 na sayen makamai na zamanin Dasuƙi ina suka shiga? A duniya kuma SIPRI, cibiyar da ke bin diddigin kuɗin makamai, ta ce an kashe sama da dala tiriliyan 2.7 kan soja a 2024. Mu kuma a wajen aiki mai naƙuda ake rubuta wa safar hannu da auduga ta aika a sayo.

Direban Bauchi Road:

Hajiya kin gama magana wlh. Ni bari in faɗa muku wanda ya ci riba tunda ni na bi hanyar. Boda ba ta rufuwa, tsada kawai take ƙarawa. An rufe ƙofa a Jibiya da Illela da Maigatari, to amma daji fa? Kaya sai a sauke daga tirela a loda wa ƙananan motoci da babura cikin dare, kowane shinge ka miƙa, wanda da ɗari biyar ce ya koma dubu biyu, kuma duk a kan mai saye zai ƙare. Wanda ba shi da kuɗin bin daji shi ne ya zauna a layi albasarsa ta fara tsiro tana ruwa a cikin buhu, na ga dattijo ya buɗe bayan mota wari ya buge shi ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, kuma kuɗin kayan bashi ne. Irin haka muka gani lokacin da Buhari ya rufe boda daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, shinkafa ba ta daina shigowa ba, masu shigo da ita ne suka yi gidaje.

Baban Ummi kai kuma da kake maganar dakarun ko-ta-kwana, a Disambar shekarar nan ta 2023 jirgin soja ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, mutum 85 hukuma ta ƙirga, sati uku bayan nan daren Kirsimeti aka shiga ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi aka kashe sama da 150. Sojan da za a tura Yamai ai a Bokkos ake nemansa a daren.

Alhaji in za ka aika wa Hajiya allura yanzu ta Jibiya ba matsala, tun Maris na 2024 aka buɗe ɓangarenmu, a sa ta a kula da ƙanƙara a ba direban safe, yini ɗaya ta isa Maraɗi in an samu haɗin mota a Katsina. Ta Benin ce Nijar ɗin da kanta ta ƙi buɗewa bayan an cire takunkumin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja, shi ya sa su can ba su ga sauƙin da suka zata ba.