Shawarwari kan zaiba a kifin bakin teku

A wata hira da muka yi kan zaiba a kifi, an fi daɗewa a kan garin Minamata na Japan, inda kamfanin Chisso ya shekara da shekaru yana zuba ruwa mai zaiba a teku, har aka gano cutar da cin kifin wurin ke jawowa a 1956. Kuliyoyin garin ma sai da suka riƙa tangaɗi suna faɗawa ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai: suya ko banda ba sa fitar da zaiba, a tsoka take. Babban kifi mai cin 'yan uwansa, irin shak, ya fi tara ta, don haka mai ciki da yara su koma kan sardin. Ƙaguwa kuwa a laka take kiwo, inda dalma, wata gubar ta daban, ke kwanciya. A tambayi inda aka kamo ta, a guji ta kusa da masana'antu.