Ganyen tumatirina ya koma kamar na dankalin turawa, cuta ce ko me?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa manoma. Don Allah ina neman shawara cikin gaggawa. Ina noman rani a wajen Kadawa, bara na sayi irin tumatir na gwangwani haibirid (wanda aka samu daga haɗa iri biyu daban) mai tsada, ya yi kyau sosai wallahi, to da na ga kuɗin iri ya ƙara tashi bana sai na zaɓi manyan 'ya'yan na matse na shanya na ajiye. Yanzu na zuba reno yau kwana 19, amma wasu tsiron ganyensu daban, faffaɗa ne bakinsa sumul babu tsaga-tsagar nan ta ganyen tumatir, sak ganyen dankalin turawa. Na ƙirga a gado ɗaya, cikin tsiro 200 guda 47 haka suke. Kore shar, ba alamar rauni. Na yi feshi ne, ko na tuge su, ko na dasa? Saura mako guda dashe kuma raina bai kwanta ba.

Manomi daga Kura: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka duba bayan ganyen da sassafe ko akwai farin ƙuda, shi ke kawo cutar nannaɗe ganye, in ita ce gara ka tuge tun yanzu kafin ta bi sauran gadajen.

Mai tambaya: Na duba Alhaji, babu, kuma ganyen bai naɗe ba ko kaɗan.

Ɗalibar aikin gona a Samaru: Malam kada ka ɓata kuɗinka a magani, wannan ba ciwo ba ne, gado ne daga iyayen shukar. Cutar da Alhaji yake nufi ganyen ƙanƙancewa yake yi ya lanƙwashe sama kamar cokali, gefensa ya yi ɗorawa, shukar ta tsumbure, fure ya riƙa zuba. Naka kuwa faɗi ya yi kuma kore ne.

Abin da ya faru shi ne akwai ƙwayar gado guda ɗaya da masana ke yi wa laƙabi da harafin C, ita ce ke sa ganyen tumatir ya rarrabu ya yi tsaga-tsaga. Kowace shuka kwafi biyu take ɗauka, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ɗaya mai aiki ce ɗaya ba ta aiki, mai aikin ta rinjaya, ganye ya fito yadda aka saba. Sai duka biyun sun zama marasa aiki sannan ganyen dankali yake bayyana. To haibirid ɗin da ka saya bara da alama ɗaya cikin iyayensa mai ganyen dankali ne, shi ya ɓoye abin a jikinsa, kuma tumatir shi ke yi wa kansa barbara a cikin furensa, da ka shuka 'ya'yansa sai kusan ɗaya cikin huɗu suka gaji marar aikin ta ɓangare biyu. Lissafa ka gani, rubu'in 200 hamsin ne, kai ka samu 47. Wannan uku da ɗaya ɗin shi ne abin da masanin nan Gregor Mendel ya gano a jikin wake irin na Turai ya wallafa a 1866. Da na karanta ƙirgenka sai da na ji daɗi wallahi, abin da muke gani a allo ga shi a gadon reno.

Tsohon manomi, Garun Malam: Yarinya ta faɗi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Mu ba mu san sunan harafi ba amma mun san ɗan gwangwani ba a maimaita shi. Na taɓa yi shekarun baya, gona ɗaya amma kamar iri biyar na zuba, wani dogo wani gajere, wani ɗan mulmulalle wani mai ruwa da ba ya kai Legas sai ya fashe a kwando. Ni ganyen bai dame ni ba, abin da zai biyo baya nake jiye maka.

Ɗalibar aikin gona a Samaru: Amin Baba, na gode. Kuma dogo da gajeren da kuka gani shi ma ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da shi, ana ce mata SP. In tana aiki shukar ba ta daina tsawo, ganye uku sai reshen fure, ganye uku sai reshen fure, har sai an kafa mata sanda. In kwafin biyu duk ba sa aiki sai kan shukar ya ƙare da fure ta tsaya ta yi dunƙule, 'ya'yan su nuna kusan lokaci guda, irin su Roma da UC82B ke nan da aka fi sani a nan. Tumatir yana da ƙwayoyin gado wajen 35,000 a kan kuromosom 12 (zaren da ƙwayoyin gado suke jere a kai), a 2012 aka fitar da cikakken jerinsu, to duk wadda iyayen haibirid ɗin suka bambanta a kanta yanzu ta sake rabuwa a renonka, har da taurin fata da juriyar cuta. Ganyen ne kawai ido ya fara kamawa.

Mai tambaya: To Malama yanzu masu ganyen dankalin ba za su yi 'ya'ya ba ke nan?

Ɗalibar aikin gona a Samaru: Za su yi sarai. Akwai tsohon iri a Amurka, Brandywine, ganyensa haka yake kuma saboda daɗinsa ake nomansa. Tuge su ba zai gyara sauran 153 ɗin ba, su ma a cakuɗe suke ciki, kusan biyu cikin ukunsu ma suna ɗauke da ƙwayar ganyen dankalin a ɓoye.

Dillalin kayan gwari, Kwanar Gafan: Ni ta fuskar kasuwa zan yi magana. Kwandon da ya zo girma ɗaya launi ɗaya mai tauri shi masu lodin kudu ke rububi, gauraye kuwa sai an rage maka kuɗi ko a bar maka kayanka a rana. In babbar gona ce ka daure ka nemi sabon iri ko da rabi ne, mako uku zuwa huɗu reno ya isa dashe, ka ɗan makara amma ba ka fita lokaci ba.

Manomi daga Kura: Na janye maganar cuta tunda ga bayani. Amma dai ka sa ido kan sharon, tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'yan tumatir, ita ba ruwanta da siffar ganye, mun ga abin da ta yi mana a 2016. In kuma ajiye iri kake so duk shekara ka koma UC82B ko Roma, su ba haibirid ba ne, abin da ka shuka shi za ka gani.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Gobe in sha Allahu zan shiga Kano na sayo gwangwani ɗaya na zuba sabon reno don babban fili. Wannan kuma zan dasa shi a gefen rafi, masu ganyen dankalin a kunya biyu su kaɗai na ɗaura musu tsumma, ina so na ga irin 'ya'yan da za su yi. Malama in na ajiye irinsu baɗi duka ganyen dankali za su fito?

Ɗalibar aikin gona a Samaru: Duka, in dai ƙwari ba su kawo musu garin fure daga maƙwabta ba. Ka turo mana hoto in sun fara fure.