Gidan Baba ya ƙi sayuwa

Uwar Biyu: Jama'a, gidan mahaifinmu ya daɗe a kasuwa. Masu zuwa dubawa da sun ji kuɗin sai su sulale. Baba ya kafe kan farashin da maƙwabcinsa ya sayar lokacin da kasuwa ke ci. Yaya zan shawo kansa?

Dillali: Hajiya, kuɗin ruwan banki ya hau, ƙarfin masu saye ya ragu. Gidan da ya daɗe kuwa, zargin aibu ake yi masa. Nuna masa farashin waɗanda aka sayar bana, ba waɗanda ake talla ba.

Dattijo: 'Yata, bi shi a hankali. Gidan nan ne fanshonsa, kuma da gumi muka gina.

Ɗan Haya: Baba, a zamaninku albashi na gina gida. Namu haya ke lamushewa tun wata bai raba ba.