Imel ɗin ofis yana mutuwa in an ɗauke wuta, ya zan yi saba ta biyu da kuɗi kaɗan?

Mai_Kebul:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar saba ku ba ni shawara. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin shigo da kaya a nan Kano, ma'aikata sun kai talatin, imel ɗinmu kuma a ofis yake zaune, wata tsohuwar Dell ce a sito na ɗora mata Ubuntu da Postfix (mai aikawa da karɓar saƙo) da Dovecot (mai buɗe wa mutane akwatinsu). Tana aiki lafiya ƙalau sai in wuta ta yi halinta. Ran asabar batirin inbata ya ƙare cikin dare, sabar ta mutu ba wanda ya sani sai litinin da oga ya shigo yana jiran takardar kuɗi daga Caina, wallahi ranar na sha faɗa. Yanzu ya ce in nemo yadda in ɗaya ta faɗi ɗaya za ta karɓa, amma kar in kawo masa lissafin dala. Tunanina in sayo wata ta hannu in ajiye gefenta in haɗa su da keepalived (mai juya aiki kan ɗaya in ɗayar ta faɗi) da DRBD (mai kwafe faifan ɗaya zuwa ɗayar nan take). Zai yi kuwa?

Baba_Linux:
Wa alaikumus salam ɗana. Tukuna, da ka kunna sabar takardar ta shigo ko ba ta shigo ba? Na san ta shigo. Sabar mai aikowa ba ta zubar da saƙo don ta ƙwanƙwasa ta ji shiru, ajiyewa take a layi tana sake gwadawa, ƙa'idar aika imel ta RFC 5321 ta ce a jure kwana 4 zuwa 5, shi kansa Postfix kwana 5 yake riƙewa in ba ka taɓa saitin ba. To ka ga ba ɓatan saƙo ne ciwonka ba, jinkiri ne da kuma mutane sun kasa buɗe akwatinsu.

Batun kwamfuta biyu a sito ɗaya kan inbata ɗaya da layin intanet ɗaya kuwa, kamar ka yanko mukulli na biyu ne ka rataye shi cikin ɗakin da ka kulle. Sannan DRBD ba wasan yara ba ne, in wayar da ke tsakaninsu ta katse kowacce sai ta ɗauka ita ce babba ta ci gaba da rubutu, ranar da za ka haɗa su sai ka zaɓi saƙonnin da za ka sadaukar.

Dan_Sabongari:
Oga kawai ka kama ƙaramin VPS, wato sabar haya a intanet, na 'yan daloli a wata ka mai da shi MX na biyu, wato saba ta biyu mai karɓar imel ɗin kamfani. A DNS, wato kundin adireshin intanet, ka sa ta ofis lamba 10, ta waje 20, ƙaramar lamba ake fara nema. In ofis ya yi duhu ta waje ta karɓa ta riƙe, wuta na dawowa ta juye maka. Amma ka tambaya kafin ka biya, da yawansu suna toshe ƙofa ta 25, wadda imel ke bi tsakanin saba da saba, ga sabon kwastoma sai ka rubuta musu, kuma ka tabbata za su bar ka saita PTR, wato rubutun da ke nuna sunan sabarka in an bincika adireshin IP ɗinta.

Injiniya_Mace:
Malam Dan_Sabongari ban yarda da kai gaba ɗaya ba gaskiya. MX na biyu me ya ƙara masa? Abin da sabar mai aikowa take yi kyauta ne zai biya kuɗi a yi masa, oga dai har yanzu ba zai ga takardarsa ba sai an kunna ta sito. Kuma masu turo tarkacen saƙo da gangan suke bin ta baya don sun san tacewarta ba ta kai ta gaba ba, in ba ka ba ta jerin adireshin ma'aikata a relay_recipient_maps ba za ta karɓi komai har na sunan da babu shi, ta dinga mayar da amsar ƙi ga mutanen da ba su aiko komai ba, kafin ka ankara IP ɗinka ya shiga baƙin littafi.

Ni juyawa zan yi. VPS ya zama shi ne babba tunda can akwai wuta da layi, Dell ɗin sito ta koma mai riƙe kwafi, kowace awa cron, mai gudanar da aiki kan lokaci, ya ja akwatuna da doveadm backup ko rsync in da Maildir kake amfani, wato kowane saƙo fayil ɗinsa daban. Kar ka ɗora rai kan replication na Dovecot, wato kwafewa tsakanin saba biyu kai tsaye, sun cire shi a fitowa ta 2.4. Ka sauke TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe amsar DNS, zuwa daƙiƙa 300, in babba ya faɗi ka canza DNS da hannu, cikin minti kaɗan an koma, ba dabara ba ce mai burgewa amma mutum ɗaya zai iya riƙe ta. Ka sa IP biyun a SPF, wato jerin waɗanda ka yarje su aika imel da sunanka, mukullin DKIM mai sa wa saƙo hannu ya zama akwai a duka biyun, don tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta, saƙon da ba shi da ko ɗaya daga ciki sai ya sha wuya.

Mai_Kebul:
Na gode ƙwarai Baba, eh ta shigo da kanta kafin azahar. Anti Injiniya abin da ke ba ni tsoro da sabar Turai shi ne irin na 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke wajen Kwaddibuwa, lokacin komai na waje rarrafe yake amma mu a ofis muna aika wa juna imel ba matsala.

Injiniya_Mace:
Wannan hujja ce mai ƙarfi ƙanina. To ai shi ya sa na ce Dell ɗin ta zauna a shirye, irin wannan rana ka juya mutanen ofis kanta. Ko ka nemi masu ba da haya da sabarsu ke Legas ko Abuja kuma suna haɗe da IXPN, mahaɗar layukan intanet ta Najeriya, zirga-zirgar cikin gida ba sai ta tsallaka teku ba, a naira ma za ka biya, oga zai fi saurin sa hannu. Ka dai tambaye su batun ƙofa ta 25 da PTR ɗin nan.

Baba_Linux:
Abu biyu da ba wanda ya faɗa. Sabarka ta kwana biyu a mace ba ka sani ba, wannan ya fi komai muni kuma gyaransa kyauta ne, ka ɗora Uptime Kuma a wata na'ura da ba ta ofis ba ya dinga leƙa ƙofa ta 25 da ta 993 da ake buɗe akwati ta cikinta, ƙararrawar ta zo maka ta Telegram, kar ka sa ta imel ɗin da ya mutu. Na biyu, kwafin kowace awa yana kwafe ɓarna ma, in akanta ya goge fayil ɗin shekara guda da ƙarfe tara, ƙarfe goma ya ɓace a ɗayar. Ka riƙa ɗaukar na daban da restic ko borg wanda ke ajiye na kwanakin baya, kuma wata asabar ka zauna ka dawo da akwati ɗaya daga ciki ka buɗe shi da idonka.

Mai_Kebul:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da Uptime Kuma yau, batir ma dole a canza. Anti in na zo juya akwatunan zuwa VPS imapsync zan yi ko rsync ɗin ya isa? Na oga shi kaɗai ya haura giga 40, ba ya goge komai.