Gudun fanfalaki na farko, kuma an ce ranar ruwa za a wuni ana yi

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar gudu a cikinku ku taimaka min da shawara. Ina karatu a Manchester, ranar Lahadin nan zan shiga gudun fanfalaki na garin, cikakken wato kilomita 42.195, kuma shi ne na farko a wajena. Tun cikin hunturu nake atisaye, mafi nisa da na taɓa yi kilomita 32 ne. To yanzu duk sanda na duba hasashen yanayi a waya ruwa nake gani tun safe har bayan azahar, digiri 7 zuwa 8 ga iska a kai. Na san ruwa ba baƙo ba ne a garin nan amma gudun awa ɗaya cikin yayyafi daban, awa huɗu da rabi ana tsuga maka shi daban. Hajiyarmu ma da na gaya mata cewa ta yi kar in kuskura, wai limoniya zan jawo wa kaina a ƙasar mutane.

Tambayata, me zan sa? In sa rigar ruwa ko in bar ta? Sannan bayan an gama me ake yi jiki ya dawo, don Litinin da yamma ina da aiki a sito kuma a tsaye ake wuni.

Tudun_Jos ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanina ka kwantar da hankalinka, digiri 8 ai yanayin gudu ne mai kyau, da ba don iskar ba ma da na ce ka yi sa'a. Mu nan Jos da damina cikin ruwan muke fita, sai in akwai tsawa da walƙiya shi ne muke fakewa. Amma fa ka sani ruwan da ya dake ka a Legas kana gudu daɗi za ka ji don zafi yake rage maka, na wajenku kuwa ƙwace ɗumin jikinka yake yi, ba a yi musu shiri iri ɗaya.

Abu na farko, auduga kar ta taɓa jikinka ranar. Riga, gajeren wando, safa, har ɗan kamfai, duk su zama na roba irin na 'yan wasa, wanda ka riga ka yi doguwar tafiya da shi. Auduga in ta sha ruwa nauyi take yi ta manne ta dinga gurzar fata. Ka sayi basilin babbar kwalba ka lafta ba tausayi, matsematsi, hammata, inda robar wando take zama, tsakanin yatsun ƙafa da dunduniya. Kan nono kuma ka manna filasta. Kar ka yi dariya, ka tsaya a bakin layin gamawa ka ga maza da jan layi biyu a gaban riga, jini ne, kuma ba ka sanin ya faru sai ka shiga wanka ruwa ya taɓa wurin.

Hular hana-salla dole ce, ita ke tare maka ruwa daga ido. Safar hannu mai sauƙi ita ma, saboda yatsu in suka ƙandare ko ledar jel, abin ƙarin kuzarin nan da masu gudu ke sha a hanya, ba za ka iya yagewa ba.

Rigar ruwa mai kauri kar ka sa, gumi zai jiƙa ka ta ciki, ka tashi a tutar babu. In kana da shara-shara mai tare iska wadda take kama jiki to ita ce. Wurin da sanyi yake cin mutane shi ne jiran a tashi, za ka iya yin minti 40 ko fi a tsaye cikin layi. Ka samo babbar ledar shara ka huda wurin kai ka zura, da tsohuwar suwaita wadda ba ka so, ana tashi ka yar a gefen hanya. Wasu har leda suke ɗaura wa takalmi kafin a fara. Takalmin kuwa wanda ka saba da shi, sabo ko kyauta aka ba ka ka ajiye shi sai wani lokaci.

A hanya ka kiyayi farin fentin titi da murfin kwata na ƙarfe, santsi gare su, haka wajen shan ruwa inda aka zubar da robobi. Kar ka ɓata ƙarfinka wajen tsallake kududdufi, minti goma da farawa ƙafar ta riga ta jiƙe sharkaf.

Kuma ka cire lissafin lokaci daga ranka. Eliud Kipchoge, gwarzon gudun fanfalaki na Kenya, da kansa ya je gudun Berlin a 2017 da niyyar karya tarihin duniya, lokacin awa 2:02:57 ne na Dennis Kimetto, ruwa da danshi suka sa ya tsaya a 2:03:32. Ya ci dai. Da shekara ta zagayo yanayi ya yi kyau, a kan titin nan dai ya yi 2:01:39. Ka nemi bidiyon gudun Boston na 2018 ka kalla kafin Lahadi, ranar 16 ga Afrilu, ruwa kamar da bakin ƙwarya, sanyi wajen digiri 4, iska tana bugo su ta gaba. Manyan 'yan tsere da yawa janyewa suka yi. Geoffrey Kirui na Kenya ya ba da rata mai yawa kowa ya ce ya gama ci, sai wajen kilomita 40 jikinsa ya ƙi, Yuki Kawauchi ɗan Japan wanda ma'aikacin gwamnati ne a lokacin ya zo ya wuce shi, ya ci da 2:15:58. Rabon da a ci Boston da jinkiri haka tun 1976. A mata Desiree Linden ta ci da 2:39:54, ita da tun farkon tseren take tunanin fita, har tsayawa ta yi jiran 'yar ƙasarsu Shalane Flanagan da ta shiga banɗaki. Ni abin da na gani a tseren nan, wanda ya ƙone man sa da wuri shi sanyi ya kama, don muddin kana gudu jikinka na haɗa wuta, kana komawa tafiya a kilomita 35 da jiƙaƙƙun kaya shikenan karkarwa ta zo. Rabin farko ka tafi a hankali fiye da yadda zuciyarka take so.

Baban_Ilham ya rubuta:

Ikon Allah. Wato kuɗi ka biya da hannunka don ruwa ya dake ka awa huɗu 😂 Allah ya ba da sa'a dai. Ni shawarata irin ta gida ce, ka watsa diklofenak biyu kafin ka fita ba za ka ji komai ba, ka dawo a gasa maka jiki da ruwan zafi da tawul a murje ka da man zafi, washegari garau. Haka muke yi in mun buga ƙwallon unguwa.

Nas_Maijidda ta rubuta:

Baban Ilham don girman Allah ka janye maganar diklofenak ɗin nan, wani zai karanta ya ɗauka. Ƙwallon unguwa minti 90 ce ana yi ana hutawa. A gudun fanfalaki jini barin ƙoda da hanji yake yi ya tafi ƙafafu, su kuma diklofenak da ibuprofen da danginsu ƙara rage jinin da ke zuwa ƙoda suke yi, ga su da cin ciki. Kar a sha kafin gudu, kar a sha a cikinsa, bayan an gama ma a bari sai an ci abinci an sha ruwa fitsari ya dawo daidai. In ciwo ya dame ka farasitamol ya isa, shi ma yadda aka rubuta a kwali.

Ɗan Fagge ka gaya wa Hajiya ta yi maka addu'a kawai, ruwan sama ba ya kawo limoniya, ƙwayar cuta ke kawo ta. Amma tsoronta bai tashi a banza ba, akwai abin da ya kamata a ji tsoro, shi ne zafin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35. Ruwa yana janye zafi daga fata fiye da iska nesa ba kusa ba. A Boston ɗin da Malam Tudun Jos ya ambata mutum fiye da dubu biyu ne suka bi ta hannun ma'aikatan lafiya, akasari sanyi ne. Alamunsa karkarwa mai ƙarfi, hannu ya kasa riƙe abu, magana ta fara sarƙewa, mutum ya dinga tangaɗi ko ya rikice. In karkarwar ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba abin ya ƙara muni ne. Ka ga haka a jikinka ko a jikin na kusa da kai, tantin masu agaji za a nufa, lambar yabo ba inda za ta.

Shi ya sa ni a wajena murmurewa tun daga layin gamawa take farawa. Za su ba ka bargon nan mai ƙyalli, ka yafa amma kar ka dogara da shi a kan jiƙaƙƙiyar riga. Kar ka tsaya ɗaukar hoto, kar ka zauna a ƙasa. Ka wuce ka karɓi jakarka ka cire komai har safa, ka goge jiki ka sa busassu. Tun daren Asabar ka ƙulle su a leda biyu kafin ka sa a jakar, tawul, riga mai dogon hannu, wando mai kauri, jaket, hular sanyi, safa da takalmi mai faɗi don ƙafa kumbura take. In akwai mai zuwa tarar ka ya zo da shayi mai sikari a fulas.

Maganar ruwan sha kuma kashi biyu ce. Cikin sanyi ƙishi ba ya damun mutum sai ya manta, alhali yana gumi. Wasu kuma tsoro ke sa su sha a kowace tasha har ya yi yawa, gishirin jininsu ya tsinke. An yi bincike a kan waɗanda suka yi gudun Boston na 2002, kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma masu daɗewa a hanya sama da awa huɗu suna cikin waɗanda abin ya fi samu, wato irin ku. Ka sha gwargwadon ƙishi, kurɓi-kurɓi. In ka gama kana jin ciwon kai mai tsanani da amai da kumburin hannu kar ka ɗura ruwa, ka nuna kanka ga likita.

Sai fitsari. Ka dinga dubawa ranar da washegari. In ya yi baƙi-baƙi kalar shayi ba madara, ko ya ƙi zuwa, ga tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da kima, wannan alamar tsoka ta farfashe ce tana zuba cikin jini kuma ƙoda take illatawa, asibiti za ka tafi a daren, ko ka kira 111, layin neman shawarar lafiya na Ingila, su gaya maka inda za ka. Ka san jinotayif ɗinka? Ina tambaya ne don mu 'yan Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma mai AS ya fi shiga wannan haɗarin in ya takura jikinsa. Ba hana shi gudu ake yi ba, amma ya rubuta a bayan lambar da ake maƙala masa a riga inda ake cike bayanin lafiya.

Gashi da ruwan zafi ban hana ba Baban Ilham, amma ba ranar ba. Ranar wanka da ruwa mai ɗumi kawai, kuma ka fara ɗumama tukun ka ci wani abu, mutane suna yanke jiki su faɗi a banɗaki in suka sakar wa kansu ruwa mai zafi sosai. Shiga ruwan ƙanƙara da kuke gani 'yan ƙwallo na yi, wanda ya wuni ruwa na dukansa a digiri 8 ba shi da buƙatarsa.

Baban_Ilham ya rubuta:

Na janye ranki ya daɗe, a yi haƙuri. Man zafin dai na nan daram.

Tudun_Jos ya rubuta:

Anti Nas ta gama magana. Man zafi kuma ka kiyayi inda fata ta saɓule, in ba haka ba maƙwabta za su ji ihunka.

Abin da zan ƙara, aikin Litinin ɗin nan ka nemi wanda za ku yi musanya tun yau. Tsamin jiki ba ranar yake nuna kansa ba, washegari yake farawa, Talata ya fi tsanani, sai wajen Alhamis ka fara jin kai mutum ne. Hawa bene da sauƙi, saukowa ce masifa, cinya ta gaba ƙin riƙe ka take yi, da baya-baya za ka dinga sauka kana riƙe da ƙarfe. Salla ma za ka gane kurenka, ruku'u da dama-dama, amma tashi daga sujada sai ka dafa bango, zaman tahiya kuwa sharaɓa da yatsun ƙafa ba sa yarda. In ya gagara ka yi a zaune, addini ya ba da wannan sauƙin.

Kar ka kwanta wuni guda kuma, ya fi ƙara ɗaurewa. Ka ɗan taka minti 15 zuwa 20 a unguwa, ka dawo ka ɗora ƙafa a kan filo. Abinci ka ci sosai, awa ɗaya ta farko ko ayaba da dabino da madara ne, da dare shinkafa ko taliya da nama ko ƙwai, in ka samu farfesun kaza mai ɗan gishiri ka more. Barcin daren farko ba lallai ya yi daɗi ba, ƙafa na zogi jiki na zafi, na biyu shi ne na gaske.

Bororo in ƙarami ne ka bar shi ka rufe da filasta, kar ka ɓare fatar. Farce zai iya yin baƙi daga baya ya fita da kansa, wani zai tsiro, shi ya sa ake yanke farce kwana biyu kafin gudu. Takalmin ka cire shimfiɗar ciki ka cusa masa tsohuwar jarida kana canzawa, kar ka ɗora a kan hita gam ɗin zai saki. Gudu kuma ka ba shi mako guda cur, na biyu ka fara sassarfa kaɗan, mai ƙarfi sai bayan mako uku ko huɗu ko da ka ji garau, don numfashi yana riga tsoka da jijiya warkewa.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Anti ni AA ne alhamdulillah. Na samu wani ɗan Gana ya karɓar min Litinin zan yi masa Asabar ta sama. Basilin da filasta na sayo yanzun nan, ledar shara kuwa akwai a kicin. Saura waya, ina so in riƙe ta saboda abokina ya san inda zai same ni, ya zan yi da ita?

Tudun_Jos ya rubuta:

Ledar nan mai zif ta sa abinci a firji, ka sa ta ciki ka matse iskar ka soke a bel ɗin ƙugu. Amma ku tsayar da wurin haɗuwa tun kafin ranar, wani shago ko kwana da kuka sani, don jiƙaƙƙen yatsa ba ya buɗe waya kuma cikin taron nan sabis wahala yake yi.